Keken Ƙafa a Gidan Irmiya

A shekarun da soja ke riƙe da mulki, rediyo ba ta da magana sai ta tsuke bakin aljihu, Maiwada tela ya rufe shagonsa na Kudan ya sayar da kekunansa na ɗinki. Yadi ya yi tsada, mutane sun koma sayen gwanjo. Cikin waɗanda rufe shagon ya taɓa har da Irmiya, mutumin Likoro, wanda shan inna ya shanye wa ƙafafu tun yana goye. A shagon ya koyi ɗinki, a kan wani tsohon keken hannu da ake ɗora masa bisa ɗan gajeren teburi. Da keken ya tafi, sai Irmiya ya koma gindin mangwaron ƙofar gida da allura da zare, yana yi wa manoma facin wando. Matarsa Angelina ce ke noma 'yar gonar masarar da mahaifinsa ya bari, ita kaɗai, da 'yarsu Judith goye a baya.

Wata rana da bazara wata mata ta sauka daga bayan babur a gindin mangwaron. Ta ce sunanta Malama Zulaihatu, daga ofishin da gwamnati ta ɗora wa tallafa wa naƙasassu masu sana'a. Ba ta tsaya a kansa ba, zama ta yi a tabarma, suka gaisa, ta daɗe tana kallon yadda yake jan zare.

“Ba kuɗi za a ba ka ba,” in ji ta. “Abin aiki ne. Me ya fi tsaya maka a rai?”

“Keke, ranki ya daɗe.”

“Irin wanne ka saba da shi?”

Ya nuna mata da hannu, yana juya iska. Ta gyaɗa kai ta tafi. Irmiya bai sa rai ba, don ya sha ganin masu zuwa tambayar suna. Amma bayan saukar ruwan farko sai ga saƙo ta bakin mai unguwa, wai ya je Ikara ranar Litinin.

A filin da aka tara su, an kafa wa manyan baƙi rumfa, masu karɓa kuwa suna rana. An jera akwatunan katako a gefe, duk iri ɗaya, an buge su da ƙusa. Malama Zulaihatu ta bi mutane ɗaya bayan ɗaya tana jera su a layi, tana cewa kowa ya tsaya inda ta ajiye shi, sannan aka kira ta can bayan rumfa wajen shirya wa baƙi ruwa. Wani hafsan soja da ya zo daga Kaduna ya miƙe ya yi jawabi gajere. Ya ce wannan kaya na gwamnati ne, kowanne da lambarsa. Duk wanda ya sayar, ko ya jinginar, ko ya musanya, zai gane kurensa. Kafin kaka za a turo masu dubawa gida gida, wanda aka iske kekensa ba ya aiki za a ɗauke a ba wani.

Irmiya yana zaune a ƙasa a cikin layin, takalman katakon da yake tafiya da su a hannu suna gefensa, sai ya ga inuwar mutum a kansa. Ya waiwaya. Wani dattijo ne mai farin gemu, cikin babbar riga, gumi na bin wuyansa. Mahaifin Irmiya daga kudancin Kaduna ya zo Likoro, kuma abin da ya fi nanata wa 'ya'yansa shi ne kada ɗayansu ya yarda ya shiga gaban babba, ko a rijiya, ko a bakin tukunya. Irmiya ya ji zaman ya gagare shi.

“Baba, sannu da rana. Bismilla, shige gaba.”

“A'a ɗana, inda aka ajiye ni ke nan.”

“Ba zan iya karɓa kana tsaye a bayana ba, Baba.”

Dattijon ya sa masa albarka, ya matsa gaba. Irmiya ya ja da baya ya ji ransa ya yi sanyi. Layi ya fara tafiya. Hafsan yana dafa akwati, sojoji biyu su ɗauka su ajiye gaban wanda ya iso, a tafa, na gaba ya matso.

A bayan akori-kura aka kawo akwatin Likoro. Maƙwabta suka taru, fasto ma ya zo ya yi addu'a kafin a ɓalle ƙusa. Da aka ɗaga murfi, ga kan keke baƙi wuluk yana sheƙi, an naɗe shi da takarda mai maiƙo. Mata suka yi guɗa. Sai aka ci gaba da fito da kaya: teburi, ƙafafun ƙarfe, babbar ƙafa mai zagaye, bel, da faffaɗar feda ta takawa. Guɗar ta mutu da kanta. Kowa ya kalli fedar, ba wanda ya yarda ya kalli ƙafafun Irmiya.

“Mun gode wa Allah,” in ji Irmiya. “Mun gode wa gwamnati.” Da gaske yake, don bai taɓa mallakar abu sabo kamar wannan ba. Amma da mutane suka watse ya daɗe yana laluben gefen keken, ko akwai inda aka ɓoye mariƙin juyawa. Babu.

Angelina ce ta kawo dabara. Suka ɗora shi kan dogon benci a gaban keken, ita ta zauna a gefensa ta miƙa ƙafa ɗaya tana taka feda, shi yana riƙe da yadi. Ranar farko dariya suka yi ta yi.

“Taka, Maman Judith. A hankali. Tsaya. Na ce tsaya!”

“Ai na tsaya, shi ne bai tsaya ba.”

“Kin ga kin ɗinke aljihu da hannun riga.”

“To mai rigar ya riƙa yawo da hannu a aljihu, ai gayu ne.”

Sai dai dariyar ba ta yi nisa ba. Ƙafar da ke takawa da idon da ke kallon allura ba na mutum ɗaya ba ne. In ɗinki ya zo kusurwa, kafin maganarsa ta isa ƙafarta allura ta wuce. Allurai suka yi ta karyewa, ga su da wuyar samu. Wata mata ta karɓi atamfarta ta juya ta ciki da waje, ta tafi, ba ta sake dawowa ba. Ga damina ta kankama. Duk safiyar da Angelina ta zauna a benci, ciyawa na cin masara. Duk ranar da ta tafi gona, keke na rufe da tsohon zane, kuma Irmiya da ya ji ƙarar babur a hanya sai ya ɗauka masu dubawa ne.

“Baban Judith, ka koma ka gaya musu mana,” in ji Angelina wata rana, tana wanke laka a ƙafarta.

“In ce musu me? An ba ni kyauta a gaban jama'a, na dawo ina cewa ba ta yi mini ba? Su karɓe, su ce dama ban cancanta ba.”

“To in an zo an iske shi a rufe fa?”

Ranar kasuwar Makarfi Irmiya ya sa aka ɗora shi a mota, ya je neman Maiwada, wanda yanzu ya kasa zare da maɓallai da ƙananan kayan keke a wata 'yar rumfa. Suka gaisa, suka tambayi iyali da damina. Sannan Irmiya ya rage murya ya tambaya ko ana samun mariƙin da ake ɗaura wa keke a juya da hannu.

“Mariƙi? Tun da aka hana shigo da kaya ban sake ganin ko ɗaya ba,” in ji Maiwada. Sai ya tuntsire da dariya. “Kai, wannan gwamnati. Makon jiya wani malami daga Paki ya zauna a nan inda kake, yana tambayata ko ina da ƙafar keke ta sayarwa. An ba shi na hannu, shi kuwa hannun nasa ɗaya ne. Da me zai juya, da me zai riƙe yadi?”

Irmiya bai yi dariya ba. Ya tambayi sunan malamin, aka ce Malam Muhammadu Lawal, kowa ya san gidansu a Paki, gidan karatu ne. Bai koma Likoro ba, motar Paki ya nema.

Ya iske Malam a zaure shi kaɗai, da littafi buɗe a gabansa. Ba babbar riga yau, 'yar shara ce a jikinsa, hannun hagu ya ƙare a ƙasan gwiwa kaɗan. Irmiya ya yi sallama daga bakin ƙofa, ya ɗaga kai, sai ya ga farin gemun nan. Dattijon da ya tsaya a bayansa a layi ne.

“Ashe kai ne,” in ji Malam. “Yaron kirki na Ikara. Shigo, shigo daga ciki.”

Sai da aka kawo ruwa, aka gama tambayar hanya da mutanen gida, sannan Irmiya ya faɗi abin da ya kawo shi. Malam ya saurara har ƙarshe. Ya miƙa hannu ya yaye wani buzu a lungun zauren. Ga keke irin na Irmiya sak, sai dai yana zaune kan ɗan katako, da mariƙi mai farin ƙashi a gefe. Ko zare ba a taɓa sa masa ba.

“Injin matse rake ne ya ci hannun ina saurayi,” in ji Malam. “Amma da keken ƙafa na ɗinka riguna shekara da shekaru, da wannan guntun nake danne yadi. Bara rashin lafiyar mai ɗakina ta cinye keken. Da na buɗe wannan sai na ce to, haka Allah Ya so.” Ya kalli Irmiya, ya kalli keken, sai murmushi ya kama shi. “Yarinyar nan ta ofis ta jera mu daidai da akwatunan. Mu ne muka yi mata gyara.”

Irmiya ya sunkuyar da kai. Duk watannin nan yana ganin gwamnati ce ta ba shi abin da ba ta duba ba, ashe shi ya ja da baya ya bar kekensa ya wuce.

“Allah gafarta Malam, laifina ne.”

“Ladabi ka yi, ni kuma na karɓa. In laifi ne mu biyu ne.”

“To mu yi musaya shiru. In samo mota ranar da ba kasuwa, a kawo maka naka, a ɗauki wannan. Ba wanda zai sani.”

Malam ya girgiza kai. “An ce kada a musanya, muna tsaye muka ji. Amana ce aka ba ni a bainar jama'a, ba zan fitar da ita ta bayan gida ba. Mu je mu faɗa.”

“Baba, soja ne fa. A tasha na ga an sa mai furfura tsallen kwaɗo saboda ya tsallake layi. Mu kuwa layin hafsa muka ɓata. Za su iya karɓe duka biyun.”

“Za su iya,” in ji Malam. “Tsallen kwaɗo dai kai ka tsira, ni zan yi na mu biyu.”

Irmiya ya so ya yi dariya, ta ƙi fitowa. Yana kallon mariƙin nan, hannunsa har ƙaiƙayi yake. Ga abin a gabansa, kamu ɗaya, amma dattijon ya mayar da buzu ya rufe. A Paki ya kwana, a ɗakin baƙi na gidan, da safe suka kama hanyar Ikara tare.

Ofishin ɗaki ɗaya ne a ƙarshen wani dogon gini, da babur jingine a bango, tayarsa ta sace. Malama Zulaihatu ta gane su tun daga nesa. Ta fito ta durƙusa ta gaida Malam, ta tambayi Irmiya matarsa da 'yarsa, har sunan Judith ta tuna.

“Yaya aiki? Keke na tafiya?”

Malam ya dubi Irmiya. Irmiya ya gane shi ake jira. Ya faɗi komai, daga inuwar da ya gani a kansa har zuwa Angelina da feda, idonsa na kan siminti. Da ya gama sai ya ji shiru. Ya ɗaga kai a tsorace, ya ga ta toshe baki da gefen mayafi, kafaɗunta na rawa.

“Ku yi haƙuri, Baba,” in ji ta da ta samu numfashi. “Kwana na yi ina jera akwatunan nan. Na auna kowa, na hana kowa taɓawa. Ban taɓa kawo wa raina cewa a cikin masu jiran kyauta za a samu mai cewa wani ya riga shi ba.”

“Ranki ya daɗe, za a karɓe?” in ji Irmiya.

“A karɓe me? Na hannun da sunanka aka sayo shi, na ƙafar da sunan Baba. Kowannenku ajiyar ɗan'uwansa yake yi. Da masu dubawa sun riga ku, su ga lambar wani a gidan wani, a nan ne za a ce kun musanya, kuma ni ba zan iya fitar da ku ba.” Ta daina dariya. “Ni ma ya kamata in bi ku gida in gani. Ga babur ɗin can, tun ranar rabon ba a ba mu mai ba. Me ya hana ku zuwa tun da wuri?”

“Kunya,” in ji Malam. “Da tsoro. Shi tsoro, ni kunya.”

Ta ce mota kam ofis ba shi da ita, sai su san yadda za su yi. Amma ta rubuta musu 'yar takarda ta buga hatimi, saboda sojojin shingen hanya, kada a gan su da kayan gwamnati a ce sata ce. Irmiya ya rasa irin godiyar da zai yi, ya yi ta maimaita “Allah ya saka” har suka fita harabar.

A rumfar Maiwada aka haɗu ranar kasuwa ta gaba. Wani direban motar itace ya ɗauko na ƙafar daga Likoro, ƙanen Malam ya kawo na hannun a bayan keken hawa, an naɗe shi da buhu. A hanya bel ɗin na ƙafar ya tsinke, sai da Maiwada ya kai wa dukawa suka yanko na fata. Malam ya zauna a nan tsakiyar kasuwa ya taka, ya danne ƙyalle da guntun hannunsa ya ja layi ɗaya miƙaƙƙe, ya ce alhamdu lillahi. Irmiya bai gwada nasa a nan ba, rungume shi ya yi a cinya har gida.

Kafinta ya yi masa gajeren teburi daidai zamansa a tabarma. Aiki bai zo da gudu ba. Mutane ba su da kuɗin yadi, kuma matar atamfar nan ta riga ta ba da labari a rijiya. Faci ya ci gaba da yi, sai dai yanzu abin da ke cin yini guda yana gamawa kafin rana ta take. Daga baya shugaban makarantar firamare ya kawo rigunan yara kaɗan, ya ce a gwada. Angelina ta koma gona, ta ceto abin da ya ceto na masarar.

Masara ta fara bushewa a kara lokacin da masu dubawa suka zo, su biyu a babur ɗaya, wani akawu da wani kofur na soja. Irmiya na gindin mangwaro yana haɗa wuyan riga. Akawun ya leƙa lambar keke ya ce daidai ne. Kofur ɗin bai gamsu ba.

“Mun je gidaje da yawa,” in ji shi. “Wani da ya ji ƙarar babur sai ya yaye zane ya zauna kamar mai aiki. Kai naka na gaske ne?”

“Ranka ya daɗe, ga rigunan.”

“Riguna kowa na iya arowa.” Ya cire rigar kakinsa ya jefa a tabarma. Aljihun ƙirji ya ɓalle ta gefe ɗaya yana reto. “Ɗinke in gani.”

Irmiya ya juya rigar ya duba. Kakin yana da kauri, allurar da ke kai kuwa siririya ce ta rigunan yara, kuma ita ce ta ƙarshe. Ya nemo zaren da ya fi kusa da launin, ya sa, ya kwantar da aljihun. Ya juya mariƙin a hankali. Da ya iso kusurwa, inda yadin ya ninku, ya tsaya cak, ya ɗaga, ya juya rigar, ya bi da hannu ɗinki ɗaya bayan ɗaya har ya haye. Ya yanke zare ya miƙa.

Kofur ya zura yatsu cikin aljihun ya ja da ƙarfi, ya sake ja. Ya mayar da rigarsa yana ɓalla maɓallai.

“A bar masa,” ya ce da akawun. Sai da ya hau babur ya waiwayo. “Tela, kana yin wando?”

“Ina yi, ranka ya daɗe.”

“Zan aiko.”

Da rana ta yi sanyi Angelina ta dawo, fartanya a kafaɗa, Judith na barci a bayanta. Ta ga sawun taya a ƙofar gida, ta tsaya.

“Baban Judith, wa ya zo?”

“Su ne. Sun zo sun tafi.”

“Me suka ce?”

“Sun ce a bar mini.”

Ta sauke fartanyar ta zauna a bakin tabarma, ta ce, “Mun gode wa Ubangiji.” Irmiya ya jawo riga ta gaba ya kwantar da ita ƙarƙashin allura, don shugaban makaranta ya ce da safe zai aiko a karɓa.